Ɗan ƙasa ne, amma an hana shi shiga gida: yadda Jordan ta rufe ofisoshin Hamas a 1999

Ranar 14 ga Yuni, 2001, jirgin kamfanin Qatar Airways ya sauka a filin jirgin sama na Sarauniya Alia da ke wajen birnin Amman. Cikin fasinjojin akwai wani dattijo injiniya, haifaffen Birnin Ƙudus, wanda ya haura shekara 60, mai suna Ibrahim Ghosheh. Fasfon Jordan ne a hannunsa. Jami'an shige da fice suka ƙi buga masa hatimi, suka ce jirgin da ya kawo shi ya mayar da shi Doha. Qatar ta ce ba za ta ɗauke mutum daga ƙasarsa ba tare da yardarsa ba. Jordan ta hana jirgin tashi. Haka dattijon ya yi kusan mako biyu a filin jirgin, bai shiga gari ba, bai koma inda ya fito ba, ƙasashen Larabawa biyu suna ta ja-in-ja a kansa.

Ba a taɓa yanke wa Ghosheh hukunci a wata kotu ba. Abin da gwamnati ta riƙe shi da shi ɗaya ne: shi ne kakakin ƙungiyar Hamas. Rikicin filin jirgin kuwa wutsiya ce kawai. Kan maganar yana cikin abin da ya faru shekara biyu kafin nan, lokacin da Jordan ta rufe ofisoshin ƙungiyar, ta tsare shugabanninta wata biyu, sannan ta ɗora huɗu daga cikinsu a jirgi zuwa Qatar, alhali dukkansu 'yan ƙasarta ne.

Ina ganin wannan lamari ya cancanci a zauna a kansa, domin tambayar da ke cikinsa ba ta tsufa: ina iyakar ikon ƙasa wajen hana Bafalasɗine yin siyasar Falasɗinu a cikinta, musamman idan Bafalasɗinen nan ɗan ƙasar ne da takardunsa?

Ba baƙi ba ne

Wanda ya ɗauki Falasɗinawan Jordan kamar na Lebanon zai rasa bakin zaren. A Lebanon yawancinsu 'yan gudun hijira ne marasa takardar zama ɗan ƙasa, an hana su sana'o'i da dama, tun 2001 kuma an hana su mallakar gida. A Jordan labarin daban ne. Bayan yaƙin 1948, Sarki Abdullahi na Farko ya haɗe Gaɓar Yamma ta Kogin Jordan da masarautarsa a 1950, dokar zama ɗan ƙasa ta 1954 kuma ta mayar da Falasɗinawan da ke zaune a gaɓoɓin biyu 'yan Jordan cikakku. Yau UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, tana da rajistar 'yan gudun hijirar Falasɗinu fiye da miliyan 2 a ƙasar, da sansanoni 10 na hukuma, mafi girmansu Baƙa'a, amma mafi yawan waɗannan mutane suna da lambar zama ɗan ƙasa, suna zaɓe, ana zaɓensu. Waɗanda aka bari a baya su ne waɗanda suka gudo daga Gaza a 1967, domin Gaza a hannun Masar take a lokacin.

Khalid Mish'al, shugaban ofishin siyasar Hamas a lokacin da muke magana, an haife shi a 1956 a garin Silwad kusa da Ramallah. Ranar da aka haife shi, Silwad ƙasar Jordan ce. Ba alfarma aka yi masa aka ba shi fasfo ba.

Sai dai kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan da Isra'ila ta kama Gaɓar Yamma a 1967, ƙungiyoyin Falasɗinawa masu ɗauke da makamai suka yi sansani a Jordan, har ta kai suna kafa shingen bincike a titunan Amman, suna kama mutane, wasu ɓangarorinsu na hagu suna kiran a kifar da sarautar a fili. A Satumba 1970 ƙungiyar PFLP, ɗaya daga cikin ɓangarorin nan na hagu, ta karkatar da jiragen fasinja uku zuwa wani fili a hamadar Zarƙa, ta tarwatsa su a gaban 'yan jarida. Sarki Husaini na Jordan ya afka wa mayaƙan da sojojinsa. Dubban mutane suka mutu, yawancinsu Falasɗinawa, zuwa Yuli 1971 kuma an fatattaki sauran mayaƙan daga dazuzzukan Jarash da Ajlun. A Nuwamban shekarar aka harbe Firaminista Wasfi al-Tal a Alƙahira don ramuwa. Duk jami'in tsaron Jordan da ya ji kalmar "ofishin ƙungiyar Falasɗinawa a Amman", wannan shekarar ce take fara faɗo masa a rai, kuma ban ga yadda mai adalci zai ce tsoron nasa ba shi da tushe ba.

Layin da doka ta ja, da gurbin da aka bari

Ranar 31 ga Yuli, 1988, ana tsakiyar Intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa kan mamayar Isra'ila, Sarki Husaini ya yi jawabi ya yanke alaƙar mulki da ta shari'a tsakanin Jordan da Gaɓar Yamma. Daga ranar, wanda mazauninsa Gaɓar Yamma ne ya zama Bafalasɗine a idon gwamnati, wanda yake gabashin kogi ya ci gaba da zama ɗan Jordan. Ba a gyara tsarin mulki ba, ba a kai wa majalisa ƙudiri ba. Jawabi ne sai umarnin gudanarwa da ya biyo baya. Ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi ta Jordan tana cikin waɗanda suka ƙi amincewa da matakin, kuma wannan yana da nasaba da abin da zai zo, domin a wurinsu gaɓoɓin biyu al'umma ɗaya ce, Hamas kuwa reshensu ne da ya tsiro a Falasɗinu a Disamba 1987.

Da aka buɗe fagen siyasa, aka yi zaɓen 1989 inda 'Yan Uwa suka ci kujeru 22 cikin 80, sai aka kafa dokar jam'iyyu a 1992, bayan haramcin da ya faro tun 1957. Dokar ta hana kowace jam'iyya alaƙar shugabanci ko ta kuɗi da wata ƙungiya da ba ta Jordan ba. Manufar ba ɓoyayya ba ce. Rassan PFLP da takwararta ta hagu DFLP da ke ƙasar suka sake riga, suka yi rajista da sababbin sunaye a matsayin jam'iyyun Jordan. 'Yan Uwa suka kafa jam'iyyar Jabhatul Amalil Islami. Saƙon dokar shi ne: kana iya goyon bayan Falasɗinu da bakinka da ƙuri'arka, amma a matsayin ɗan siyasar Jordan. Wakilcin Falasɗinawa kuwa na PLO ne, wato Ƙungiyar 'Yantar da Falasɗinu, kamar yadda taron ƙasashen Larabawa na Rabat ya yanke a 1974, kuma tana da ofishin jakadanci a Amman.

To ina Hamas a cikin wannan tsari? Babu ita. Ba jam'iyyar Jordan ba ce, ba kuma ta cikin PLO. Shugabanninta na waje sun taru a Amman ne bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990, lokacin da Falasɗinawa dubu ɗaruruwa suka rasa mazauni a can suka dawo ƙasar da suke riƙe da fasfonta. A 1993 suka cim ma fahimtar juna da gwamnatin Zaid bin Shakir: za su yi aikin siyasa da na yaɗa labarai, ba za su shirya hari daga ƙasar Jordan ba, ba za su tsoma baki a harkokin cikin gida ba. Ba doka ba ce, ba lasisi ba ne, magana ce tsakanin manya. Ofisoshin ma da sunan kasuwanci da na aikin jarida suke aiki, kowa ya san abin da ake yi a ciki, kowa ya kau da kai.

A nan, a ganina, aka binne matsalar. Sarki Husaini yana da amfani da zaman Hamas a Amman: makami ne a hannunsa a doguwar gogayyarsa da shugaban PLO Yasir Arafat, kuma hanya ce ta lallashin 'Yan Uwa a gida. Hamas ita ma ta sami mazauni da ya fi kowane kusa da Gaɓar Yamma. Kowane ɓangare ya gwammace a bar abin babu rubutu. Amma zaman da ya dogara da yardar mutum ɗaya rigar aro ce.

An fara ganin haka tun Sarkin yana raye. Ranar 26 ga Oktoba, 1994, Jordan ta sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da Isra'ila a Wadi Araba, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin hana a shirya ko a tunzura hari kan ɗaya daga cikin yankinta. Hare-haren ƙunar baƙin wake na Hamas a cikin Isra'ila, waɗanda suka kashe fararen hula a motocin haya da kasuwanni, suka ƙara matsin lamba daga Amurka da Isra'ila da kuma Arafat. A 1995 aka umarci biyu daga cikin shugabannin Hamas, Musa Abu Marzuƙ da Imad al-Alami, su bar ƙasar. Su biyun asalinsu Gaza ne, ba 'yan Jordan ba, don haka babu wani sashe na tsarin mulki da ya tsaya musu. Abu Marzuƙ ya faɗa hannun hukumomin Amurka a filin jirgin New York, ya yi kusan shekara biyu a tsare, sai kuma Sarki Husainin da ya sallame shi ya sake karɓarsa a 1997.

A shekarar ne, ranar 25 ga Satumba, jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, ɗauke da fasfon Kanada na jabu suka fesa wa Mish'al guba a kunne a bakin ofishinsa a Amman. Aka kama biyu daga cikinsu. Sarki Husaini ya ɗauki abin a matsayin cin mutuncin ƙasarsa da yunƙurin kashe talakansa, ya tsaya kai da fata sai gwamnatin Netanyahu ta kawo maganin gubar, ta kuma saki Sheikh Ahmad Yasin, wanda ya kafa Hamas, daga kurkuku. Ya kamata a riƙe wannan, domin mutumin da Jordan ta kusa wargaza yarjejeniyar zaman lafiya a kan ransa a matsayin ɗanta, shi ne za ta fitar bayan shekara biyu.

Wata uku na 1999

Sarki Husaini ya rasu ranar 7 ga Fabrairu, 1999. Ɗansa Abdullahi na Biyu ya hau da lissafi daban: ba ya neman Gaɓar Yamma, ba ya gasa da Arafat, abin da ke gabansa shi ne tattalin arziki mai fama da bashi da kuma dangantaka da Amurka. Ehud Barak ya ci zaɓe a Isra'ila a Mayu, ana shirin komawa teburin sulhu. A gida, Firaminista Abdurra'uf al-Rawabdeh da shugaban hukumar leƙen asiri Samih al-Battikhi suna ganin Hamas ta yi jijiya a cikin 'Yan Uwa har tana neman juya akalarsu.

A ƙarshen Agusta, shugabannin ƙungiyar suna ziyara a Tehran, jami'an tsaro suka dira kan ofisoshin, suka garƙame su, suka kama ma'aikata, aka fitar da sammacin kama manyan. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sa hannu kan yarjejeniyar Sharm el-Sheikh tsakanin Barak da Arafat, Sakatariyar Harkokin Wajen Amurka Madeleine Albright da Sarki Abdullahi suna wurin. Mutane da yawa sun fahimci zaɓen lokacin da cewa gwamnati tana fatan mutanen su yi zamansu a waje, a huta. Ba su yi ba. Ranar 22 ga Satumba suka sauka a Amman. Aka kama Mish'al da Ghosheh nan take, Abu Marzuƙ kuwa, da yake ba ɗan ƙasa ba ne, aka juya ƙeyarsa. Wakilin ƙungiyar a Jordan, Muhammad Nazzal, ya ɓuya.

Aka tsare su a gidan yarin Juwaida, ana tuhumarsu da zama 'yan ƙungiyar da doka ba ta san da ita ba, shari'ar da za ta je gaban Kotun Tsaron Ƙasa. Hukumomi sun kuma yi zargin ajiye makamai da ayyukan da suka wuce siyasa. Lauyoyi da dama suka fito kare su, Salih al-Armuti yana kan gaba, shugaban 'Yan Uwa Abdulmajid Zunaibat yana kai-komo tsakanin gwamnati da gidan yari. Abin da gwamnati ta nema a bayyane yake: ɗan Jordan ba zai shugabanci ƙungiyar da ba ta Jordan ba daga cikin Jordan, don haka su ajiye muƙamansu su zauna lafiya. Suka ƙi. Hujjarsu ita ce da sanin gwamnati da yardarta suka yi shekara shida suna wannan aiki, ba a canza doka ba, to me ya mayar da halal ɗin jiya haram yau?

Ranar 21 ga Nuwamba aka fito da mutum huɗu, Mish'al da Ghosheh da Izzat al-Rishƙ da Sami Khatir, aka sa su a jirgin da Qatar ta aiko, sai Doha. Aka saki sauran waɗanda ke tsare, aka rufe fayil ɗin tuhumar. Gwamnati ta ce da son ransu suka tafi, bisa shiga tsakanin Sarkin Qatar. Su kuma da suka sauka suka ce tilasta musu aka yi, ba a nemi yardarsu ba.

Abin da doka ta ba gwamnati, da abin da ta hana ta

Abubuwa biyu ne aka cakuɗa a nan, kuma masu goyon bayan kowane ɓangare sun fi son a bar su a cakuɗe.

Rufe ofisoshin, gwamnati tana da ƙafar tsayawa a kansa. Babu wata ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa da ta tilasta wa ƙasa ta bai wa ƙungiyar waje mai reshen soja mazauni, ko da dalilin gwagwarmayarta na gaskiya ne. Hamas ba ta da rajista. Jordan tana da alkawarin Wadi Araba a wuyanta. Dokar laifuffukanta ta 1960 tana da sashe na 118, wanda ya haramta aikin da zai jefa ƙasar cikin haɗarin ramuwa ko ya ɓata dangantakarta da wata ƙasa. Sashen nan yana da faɗin da har yau ake kama masu suka da shi, kuma ni ba na ganinsa dokar kirki, amma yana nan a rubuce. Raba reshen siyasa da na soja da Hamas take yi ma, ba kowace kotu ce za ta karɓe shi hannu bibbiyu ba, tunda kuɗi da manyan shawarwari suna bi ta hannun shugabannin waje.

Fitar da mutanen huɗu kuwa wani abu ne daban. Sashe na 9 na tsarin mulkin 1952 yana da sakin layi biyu. Na biyun ya ce ba a hana ɗan Jordan zama a wani wuri ko tilasta masa zama a wani wuri sai a yanayin da doka ta fayyace. Wato ya bar ƙofa. Na farkon bai bar ko taga ba: ba a korar ɗan Jordan daga ƙasar masarautar. Babu "sai dai". Shi ya sa gwamnati ta nace kan cewa tafiyar ta ganin dama ce, domin ba ta da wata amsar. Amma ko da an ɗauka da yardarsu suka hau jirgin, wanda ya fita da ƙafarsa ai yana da ikon dawowa da ƙafarsa. Abin da ya faru da Ghosheh a 2001 shi ya warware gardamar, kuma ina kyautata zaton don haka ya sayi tikitin.

Mai karatu a Najeriya zai tuna da Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, wanda gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi a 1980 da hujjar ba ɗan ƙasa ba ne. A can an je gaban alƙali a Maiduguri, aka baje hujjoji, kotu ta soke korar. Abin da ya fi damuna a lamarin Jordan shi ne tuhumar ba ta kai wannan matakin ba. Da an yi shari'ar a fili, da dole alƙali ya amsa tambayoyin da gwamnati ba ta son a yi: shin fahimtar 1993 izini ce? Idan Hamas haramtacciya ce, me za a ce da ministocin da suka riƙa ganawa da shugabanninta? Ɗan Jordan ɗan asalin Silwad ko Nablus, wane irin aiki ne doka ta yarda ya yi wa garin da aka haife shi, wanne ne ta hana? Yanke alaƙar 1988 da kansa, ya dace da sashe na 1 na tsarin mulki, wanda ya ce ba a sarayar da wani yanki na masarautar? Jirgin Doha ya ɗauke wa gwamnati nauyin amsa ko ɗaya.

Ba shugabannin Hamas ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan shiru ba. Su sun sami masauki a Doha, daga baya Dimashƙa. Talaka ne ya rage da iyakar da ba a zana ba. A shekarun da suka biyo baya, ma'aikatar cikin gida ta riƙa janye lambar zama ɗan ƙasa daga 'yan asalin Gaɓar Yamma da sunan aiwatar da umarnin 1988. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga fiye da mutum 2,700 tsakanin 2004 da 2008. Da yawansu sun gano haka ne a ranar da suka je sabunta fasfo ko rajistar haihuwa. Gwamnati ta ce tana yi ne don kada Isra'ila ta kwashe mutanen Gaɓar Yamma ta jibge mata, ta ce Jordan ce ƙasar Falasɗinawa. Wannan barazana gaskiya ce, akwai 'yan siyasar Isra'ila da suke faɗinta da bakinsu. Amma mutumin da ya san ma'aikaci zai iya soke takardarsa ba tare da kotu ba, ba sai an kafa masa dokar hana siyasa ba, da kansa zai kama bakinsa.

Bayan nan

An warware rikicin filin jirgin da wata dabara ta ceton fuska. Aka ɗauki Ghosheh a jirgin Royal Jordanian zuwa Bankok, aka dawo da shi a ƙarshen Yuni, ya shiga Amman bisa sharaɗin ya dakatar da aikinsa a Hamas. Ya sami gidansa, ya rasa muƙaminsa na magana da yawun ƙungiya, wato dai zaɓin da aka ba shi a gidan yari a 1999.

Dangantaka ta ƙara tsami a 2006, bayan Hamas ta ci zaɓen majalisar Falasɗinu, lokacin da Jordan ta ce ta kama makaman da aka shigo da su ƙasar, ta soke ziyarar ministan harkokin waje Mahmud al-Zahar. Hamas ta musanta zargin. A 2009 aka bar Mish'al ya shigo jana'izar mahaifinsa. A Nuwamba 2011 Firaminista Aun al-Khasawneh, wanda tsohon alƙali ne a Kotun Duniya da ke Hague, ya fito fili ya ce korar 1999 kuskure ce ta fuskar tsarin mulki da ta siyasa. Shekara 12 aka yi kafin wani mai riƙe da wannan kujera ya faɗi haka. A Janairu 2012 Mish'al ya zo Amman tare da Yariman Qatar na lokacin, Tamim bin Hamad, ya gana da Sarki Abdullahi. An gaisa, an ɗauki hoto, amma ba a buɗe ofis ba. Khasawneh ya ajiye aiki a Afrilun shekarar.

Ita kanta ƙungiyar 'Yan Uwa da ta yi shiga tsakani a 1999, kotun ƙoli ta ayyana ta a matsayin rusasshiya a 2020 saboda rashin daidaita rajistarta, a Afrilu 2025 kuma gwamnati ta haramta ayyukanta baki ɗaya bayan kama mutum 16 da zargin ƙera rokoki. Ibrahim Ghosheh bai ga wannan na ƙarshen ba. Ya rasu a Amman a Agusta 2021, shekara 20 bayan kwanakinsa na filin jirgi, aka yi masa sallah aka binne shi a can, kuma hukumomi suka bar Khalid Mish'al da Isma'il Haniyya, shugaban ofishin siyasar Hamas na lokacin, suka shigo ƙasar don halartar jana'izar.